Makon da Na-Gane Ya Haɗa Mana Adireshin Ofis

Idan ka taɓa zama ofis ɗaya da mutumin da ba ya bari a kai ƙarshen magana, to matso kusa, yau na samu abokin kuka. Namu sunansa Na-Gane. Ba shi ne sunan da iyayensa suka raɗa masa ba, mu muka liƙa masa, don ko hanyar banɗaki kake kwatanta masa, kafin ka ce "sai ka bi dama" ya ɗaga hannu ya ce, "Na gane, na gane," ya miƙe ya bi hagu.

Kamfaninmu na hayar kujeru ne da rumfuna da tebura, kuma mu biyar ne kacal. Akwai Manaja, ita ce mai wurin. Akwai ni sakatariya, shekarata tara a teburin bakin ƙofa ina shan iskar duk wanda ya shigo. Akwai Baba Sito, dattijon da ke riƙe da makullin ɗakin kaya, da Direba mai kai kaya ya ɗauko. Sai shi Na-Gane, wanda aka ɗauka don ya riƙa zagayawa yana nemo mana masu haya, amma zagayen nasa bai cika wuce tsakanin teburinsa, wato tebur na uku, da butar shayi ba.

Muna da adireshin imel guda ɗaya na ofis, shi ne a rubuce a jikin motar kaya. Matsalar ita ce a kwamfutar Manaja kaɗai yake buɗewa. Saƙo ya shigo, ta turo wa wanda ya shafa, shi kuma ya amsa da adireshin kansa. Na Na-Gane kuwa, tun yana saurayi ya buɗe shi da sunan Zakin Gari. Wata baiwar Allah ta nemi rumfa biyu, ta ga amsa daga Zakin Gari, ta ɗauka ɗan damfara ne, ta tafi wani kamfanin.

Ran Litinin da safe Manaja ta tara mu. Ta ce magana biyu ce. Ta farko, za ta buɗe sabon reshe, zamanta a nan zai ragu, saboda haka ran Alhamis za ta naɗa mataimaki, kuma shi zai hau kujerar can mai juyawa ta gindin taga. Duk muka waiwaya muka kalli kujerar. Baƙa ce, mai laushi, ledarta ma ba a gama cirewa ba. Ba zan ɓoye ba, ni ma raina ya biya. Ta biyu kuma, a ranar Alhamis ɗin mai gyaran kwamfuta zai zo ya saka adireshin ofis a manhajar wasiƙu ta kowace kwamfutar tebur, yadda kowa zai karanta ya kuma amsa da sunan kamfani.

Na-Gane ya ajiye kofin shayinsa da ƙarfi.

"Mai gyara? Ranki ya daɗe, ina zaune a ofis ɗin nan da raina da lafiyata a kira mai gyara? Ai wannan cin fuska ne. Abin da nake yi ina hamma!"

Manaja ta ce, "Ka taɓa yi?"

"Ni na haɗa wa unguwarmu kaf."

Direba ya ce, "Unguwar taku da ko wutar kirki babu?"

"Kai dai riƙe sitiyari, ka bar wa masu kai aikin kai."

Manaja ta dube shi ta saman tabarau. Ta ce, "To, ga kalmar sirri. Amma saurara. Mai gyara ya ce idan an zo saka adireshin akwai zaɓi biyu, ɗaya yana barin wasiƙu inda kowa zai gani, ɗayan kuma..."

"Na gane, na gane."

"Idan ka gama lafiya kafin Alhamis, zan sa wannan a lissafin kujerar can."

Wallahi ban san lokacin da ya isa gindin taga ba. Ya shafa bayan kujerar kamar mai taya rago, ya ce da ita a hankali, "Ki ƙara haƙuri, kwana uku ne."

Da kwamfutar Baba Sito ya fara. Ya ce gwani da mafi wuya yake farawa. Kwamfutar nan ta girmi motar kaya. In an kunna ta sai Baba ya je ya ƙirga kujera ɗari ya dawo kafin ta buɗe ido. Na-Gane ya naɗe hannun riga, ya sa Baba ya riƙe masa fitilar waya, alhali da rana tsaka ne kuma ba abin da zai kwance. Yana danne-danne yana yi mana bayani da ƙarfi ta ƙofar sito. Da zaɓin nan biyu ya fito, na ji Baba ya ce, "Ɗana, ba wannan ne wurin da Manaja ta ce..."

"Na gane, Baba. Na sama ai shi ne babba."

Ya danna na sama.

Ba a yi minti goma ba Manaja ta ƙwala kira daga ofishinta. Na ruga. Wasiƙun da ke akwatin ofis suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya a gaban idonmu, kamar ana tsince shinkafa a faranti. Na shekaranjiya suka tafi, na watan jiya suka bi, na bara suka rufa musu baya. Can kuma daga sito muka ji wani irin gurnani. Kwamfutar Baba ce take haɗiyar wasiƙun shekara shida, dubu tara da ɗoriya, fankarta tana kuka kamar injin niƙa. Ashe zaɓin da gwanin ya danna shi ne mai kwashe wasiƙu gaba ɗaya ya zuba a kwamfuta guda, ya bar wa sauran fayau.

Baba Sito ya ja da baya ya riƙe ƙirji. "Ɗana, za ta fashe ne?"

"Haba Baba, murna take yi, ta daɗe ba ta ga aiki ba."

Manaja ta ce, "Ina wasiƙuna?"

Na-Gane ko gezau. Ya ce, "Ranki ya daɗe, da gangan na yi. Kaya masu daraja a sito ake ajiye su. Yanzu ko ɓarawo ya shiga intanet ba abin da zai samu."

"Ni ma ai ban samu ba."

Da ƙyar, bayan ya leƙa wayarsa a ɓoye sau bakwai, ya sauya zuwa zaɓin ƙasa, yadda sababbin wasiƙu za su riƙa shigowa kowace kwamfuta. Tsofaffin kuwa sun zauna daram a cikin tsohuwa. Duk mai neman wasiƙar da ta wuce jiya sai ya tafi sito, ya tsallake ƙafafun rumfa, ya zauna a kan bokiti yana jiran ta buɗe. Ranar sau huɗu na je, har zanena ya kama tsatsa.

Ran Talata ya shigo da wani farin tabarau da ban taɓa ganinsa da shi ba. Na ce, "Ido ne ya fara?" Ya ce a'a, na aikin kwamfuta ne, ba zan gane ba. Ya bi tebur tebur yana nuna mana wani gurbi a saman wasiƙa da aka rubuta "Daga". Ya ce in ka taɓa shi adireshi biyu za su fito, naka da na ofis, sai ka zaɓi na ofis. Wannan dai ya yi aiki, gaskiya ɗaya ce, kuma da ya tsaya a nan da mun rabu lafiya.

Wajen ƙarfe goma saƙo ya shigo daga shugabar wata makaranta. Tana son kujera ɗari biyu ran Laraba da safe, za su yi taron iyaye. Karo na farko ke nan da saƙo ya faɗo wa kowa lokaci guda, kwamfuta huɗu suka yi ƙara tare. Ni na duba littafin haya na ga ranar babu kowa, na amsa da adireshin ofis: akwai, za a kawo. Baba Sito ya leƙa ɗakin kaya ya ga kujerun suna wurin wani taro ba su dawo ba, ya amsa da adireshin ofis: babu, a yi haƙuri. Na-Gane kuwa bai duba komai ba, ya amsa da adireshin ofis: ɗari biyu sun yi wa makaranta irin taku kaɗan, za mu kawo ɗari biyar da jan kafet. Ba wanda ya ga amsar ɗan'uwansa, don abin da kowa ya tura a kwamfutarsa ya tsaya.

Wayar teburina ta yi ƙara. Shugabar makarantar ce.

"Baiwar Allah, mai amsa wasiƙunku lafiyarsa ƙalau kuwa?"

"Lafiya lau, ranki ya daɗe. Me ya faru?"

"Cikin minti shida ya ce akwai, ya ce babu, ya ce ɗari biyar. Ɗalibaina ma duka ba su kai ɗari uku ba. Jan kafet ɗin wa zai taka, mai gadi?"

Na ba ta haƙuri har bakina ya bushe. Ina ajiye waya na juya kan Na-Gane. Na ce, "Kai, jan kafet a ina muka samo shi?"

"Anti, talla ke nan. Ba ki san kasuwa ba."

"Ni ban san kasuwa ba? Shekarata tara a nan, kai shekararka biyu kana gadin butar shayi!"

Direba ya leƙo ta taga, makulli a hannu. "To Injiniya, nawa zan loda? Ɗari biyu, ko ɗari biyar, ko in tafi da motar haka nan in gaishe su?"

Manaja ta fito. Ba ta ɗaga murya ba, kuma mu da muka san ta mun fi tsoron hakan. Ta ce, "Saura kwana biyu."

Na-Gane ya ce ai wannan ƙaramin abu ne, dama yana cikin tsarinsa, mataki na biyu. Yinin ranar bai sha shayi ba. Ya yi gyara uku, kuma ku riƙe su da kyau don su ne suka ci shi. Na farko, ya haɗe jakar saƙonnin da aka tura da ta waɗanda aka fara rubutawa ba a gama ba, ta zama ɗaya ga kowa, duk abin da ya fita da adireshin ofis kowa zai gani. Na biyu, ya ce tunda mu masu mantuwa ne, ya sa adireshin ofis ya zama shi ne yake fitowa da kansa a gurbin Daga, sai in mutum ya sauya da hannunsa. Na uku, ya sa wa kowace kwamfuta sa hannun mai ita, wanda zai liƙe a gindin wasiƙa lokacin turawa, don a san wa ya rubuta me. Nawa layi ɗaya ne. Na Baba layi ɗaya. Nasa layi shida ne, da cikakken sunansa, da "Ƙwararre a Harkar Sadarwar Zamani", da hotonsa sanye da farin tabarau ya dafe haɓa.

Na ce, "Hoton na mene ne?"

"Masu haya suna son ganin fuskar da za su amince da ita."

Ran Laraba Direba ya kai kujera ɗari biyu makaranta, aka rabu lafiya. Har na fara cewa a raina ko dai mutumin nan zai ci kujerar nan ne ina kallo. Sai wajen azahar kwamfutoci suka yi ƙara tare, kowa ya buɗe. Saƙo ne daga 'yar Baba Sito da ke aure a wani gari mai nisa. Ta ce, "Baba, na ga saƙonka. Man gwiwar zan aiko. Amma maganar haƙoran roba, ka daina cire su kana ajiyewa a aljihun tebur, ka ga wancan karon ɓera ya ja na ƙasa."

Direba ya toshe baki ya fita waje, muna jiyo shi yana dukan jikin mota. Baba Sito ya fito daga ɗakin kaya a hankali, bakinsa a rufe gam. Bawan Allah ya rubuta wa 'yarsa kamar yadda ya saba, bai san adireshin ofis ne yanzu yake hawa gurbin da kansa ba, ita kuma ta amsa inda saƙo ya fito.

Da wani mai kunya ne, da ya ba dattijo haƙuri. Na-Gane sai ya miƙe ya gyara tabarau.

"Baba, da girmanka? Sau nawa zan faɗa? Kafin ka tura, ka duba gurbin Daga! Ko yaron da aka yaye jiya ya san wannan. Matsalar ofis ɗin nan ba na'ura ba ce, mutane ne ba sa saurare."

Baba ya juya ya koma sito. Ni kuwa raina ya ɓaci sosai, don Baba ne yake ajiye mini kujera a inuwa duk ranar da ciwon kaina ya tashi. Na-Gane bai tsaya nan ba. Ya samo babban kwali ya rubuta da jan alƙalami, DUBA GURBIN DAGA KAFIN KA TURA, ya ja layi uku a ƙasa, ya manna a bangon ɗakin taro daidai inda kowa zai gani.

Da yamma Manaja za ta fita, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Aikin dai ya tashi, amma ƙorafi na ji daga masu haya, ban ji yabo ba." Ta tafi. Na ga maganar ta shige shi. Har na rufe aljihun teburina na ɗauki jaka, yana nan a zaune yana bugun allon kwamfuta da yatsa biyu, yana murmushi, yana gogewa, yana sake bugawa. Na ce, "Ba ka tashi ba?" Ya kare allon da kafaɗa ya ce, "Sirrin aiki ne, Anti." Ina kallo ya danna wani abu, ya kashe kwamfutar nan take, ya bi ni muka fita yana fito.

Ran Alhamis ya zo da sababbin kaya, guga har tana yanka, ga turare ya cika ofis. Ya ce uwargidansa ce ta tashi tun da sassafe ta goge masa, ta ce ba za a naɗa mijinta a yamutse ba. Muka shiga ɗakin taro. Mai gyara ma ya iso, wani siririn mutum mara yawan magana, ya zauna a gefe da jakarsa a cinya, don Manaja ta ce ya duba aikin da aka yi. An haɗa kwamfutarta da majigi, akwatin wasiƙun ofis ya fito ƙato a bango, dab da kwalin Na-Gane.

Kafin ta buɗe baki ya miƙe.

"Ranki ya daɗe, jiya kin ce ba ki ji yabo ba. To wani babban ɗan kasuwa ya kira ni, ya ce ya rubuto wa ofis. Ni ban ma karanta ba, ba na son yabon kai. Amma tunda ga jama'a, a buɗe kowa ya ji."

Manaja ta ce, "Sakatariya, karanta."

Wasiƙar tana can sama, kanta "Jinjina ga Gwarzon Ma'aikaci". Na buɗe na fara karantawa da ƙarfi. Mai wasiƙar ya ce shi babban ɗan kasuwa ne mai rassa a ƙasashe bakwai. Ya ce ya yi hulɗa da kamfanoni a duniya bai taɓa ganin haziƙi irin ma'aikacinmu mai farin tabarau ba. Ya ce tun da wannan bawan Allah ya karɓi harkar wasiƙu, amsa take zuwa masa tun kafin ya gama tambaya. Ya ce in da shi ne mai kamfanin, ba zai bari irin wannan mutum ya zauna a kujerar da ba ta juyawa ba.

Na-Gane ya sunkuyar da kai yana girgiza shi. "Kai, mutane da zuzutawa. Ni da na ce ya bari."

Direba ya ce, "Anti, ɗan yi ƙasa, akwai saura."

Na gangara. Bayan "Naku, babban ɗan kasuwa" sai ga layi shida sun biyo. Cikakken suna. Ƙwararre a Harkar Sadarwar Zamani. Sai ga fuskar Na-Gane ta cika bango, faɗin tabarma, da farin tabarau, ya dafe haɓa yana kallonmu.

Tirƙashi!

Baba Sito ne ya fara magana, a natse. "Ɗana, wannan ɗan kasuwar kamarku ɗaya."

Manaja ta ce, "Koma sama." Na koma. Ta sa bakin biro a bango ta nuna gurbin Daga. Adireshin ofishinmu ne. Ta nuna gurbin Zuwa. Adireshin ofishinmu ne. Ta ce, "Wato mu muka rubuto wa kanmu muna yabonka?"

Ashe sabon adireshi ya buɗe da sunan ɗan kasuwar, ya saka shi a manhajarsa, ya zauna ya tsara wasiƙa, sannan ya tura bai sauya gurbin ba. Gumi ya keto masa har wuyan sabuwar riga. Amma Na-Gane ba ya faɗuwa sau ɗaya.

"Kutse ne! Ranki ya daɗe, an yi mana kutse! Maƙiya ne suka ga na kusa ɗaukaka. Mai gyara, faɗa musu, ai ana yin haka ko?"

Mai gyara ya matso, ya karɓi kwamfutar. Ya buɗe jakar saƙonnin da aka tura, wadda Na-Gane ya haɗe mana da hannunsa. Ga wasiƙar nan, jiya, ƙarfe biyar da minti goma, daidai lokacin da nake ɗaukar jakata. Ya buɗe ta waɗanda ba a gama ba. Ga wasu guda biyu. A ta farko ɗan kasuwar rassansa a ƙasashe biyu ne. A ta biyu sun zama huɗu, kuma har da layin da ya ce sakatariyar kamfanin tana da saurin fushi, a riƙa yi mata nasiha.

Na ce, "Ni? Ni ce mai saurin fushi?" Na miƙe, sai da Baba ya riƙe mini gefen mayafi.

Mai gyara ya ce, "Masu kutsen sun yi ƙoƙari. Sun shigo ofis, sun zauna a tebur na uku, sun sha shayi."

Direba ya zame daga kan kujera ya zauna a ƙasa, hawaye yana zuba. Ana cikin haka kwamfutar ta yi ƙara, sabon saƙo ya faɗo a bango kowa yana gani. Daga mai rubuta alluna ne na bakin titi: "An gama allon tebur da kuka ce a yi, MATAIMAKIN MANAJA, da ruwan zinare. Za a kawo kafin azahar." Shi ma da adireshin ofis gwanin ya yi odarsa, tun ran Talata da yamma.

Na-Gane ya cire tabarau ya rasa inda zai sa shi. Ya ɗaga kai, idonsa ya sauka a kan kwalin da ya rubuta da jan alƙalami, da layinsa uku a ƙasa. A nan kam dariyata ta tsaya, tausayinsa ya kama ni, don na tuna baiwar Allah da ta tashi da sassafe ta yi guga tana jiran albishir.

Manaja ta ce, "Wasiƙa ta zo ofis, kuma a ofis ɗin nan ba ma barin wasiƙa ba amsa. Sakatariya, rubuta." Na ja allon kwamfuta. Ta ce, "Zuwa ga babban ɗan kasuwa mai rassa a ƙasashe bakwai. Mun gode da yabo. Muna sanar da kai cewa kujera mai juyawa an ba wa Baba mai kula da sito, wanda ya shekara goma sha ɗaya kujera ko ɗaya ba ta ɓace a hannunsa ba. Haziƙin naka kuwa mun ba shi makullin sito da kwamfutar da ke ciki, zai dawo mana da wasiƙu dubu tara inda ya same su, mai gyara zai nuna masa yadda ake yi. In ya gama, ka sake rubuto mana."

Na duba gurbin Daga sau biyu, na tura. Ta ƙofar da ke buɗe muka jiyo kwamfutocin ofis sun yi ƙara tare, har da ta tebur na uku.

Kada ku tambaye ni ko na ji haushin rasa kujerar. Na ji, kwana biyu ban yi wa kowa dariya ba. Amma da aka kawo allon zinaren aka ɗora a gaban Baba, ya hau kujerar ya juya sau ɗaya a hankali, ya yi murmushi da haƙoransa duka a ciki, sai na ji zuciyata ta sauka.

Da la'asar na shiga sito neman wata tsohuwar wasiƙa. Na tarar da Na-Gane a kan bokiti, sabuwar riga ta sha tsatsa, tsohuwar kwamfuta tana gurnani. Mai gyara yana tsaye a kansa yana cewa, "Ka zaɓi guda hamsin, kada ka wuce hamsin don ba za ta ɗauka ba, sannan ka ja su zuwa..."

Na-Gane ya ɗaga hannu. "Na ga..."

Ya kalle ni, ya kalli mai gyara. Ya sauke hannun a hankali ya ɗora a gwiwa.

"Ƙarasa, malam. Zuwa ina?"